Harafi Uku Babu Wasali

Mahjar, Jidda
9 ga Sha'aban, 1394

Zuwa ga maigidana Sidi Abdulwahid ɗan Na'ibi, sanyin idona kuma zafin ƙirjina. Iskar arewa mai shigowa ta tsagar taga bayan la'asar ta share gumin Jidda. Jan murjanin da teku ya ɓoye mini har na yanke ƙauna, sannan ya tofo shi a ƙofar gidan mahaifina. Inuwata da ta naɗe kanta ta tafi yawon shan iska ta bar ni tsaye a tsakar rana. Aminci ya tabbata a gare ka a duk inda ruwan sama yake dukanka yanzu.

Katinka na uku ya iso ranar Talata. Yahya mai kantin bakin layi ne ya ɗauko shi daga akwatin gidan waya, ya miƙo ta bayan labule, kuma daga yadda ya yi gyaran murya na san ya ƙare wa hoton kallo kafin ya kawo. Ni ma na kalla. Tudu kore, kwari kore, katangar duwatsu da gansakuka ta haye ta, tumaki da aka shafa wa shuɗin fenti a gadon baya, sai wata 'yar tuta tsaye ita kaɗai a bakin teku. Masha Allah! Ashe akwai ƙasar da Ubangiji yake yi wa ban-ruwa da kansa, ba da motar tanki ba, ba da garwar mai ga-ruwa ba. Ashe akwai ta, kuma kana cikinta, kuma ba na nan.

Bari mu koma kan takardar, tunda daga can ɓarnar ta taso. Ka san dokata tun makon farko na aurenmu, cewa duk maganar da take da nauyi a rubuta ta, domin abin da aka faɗa a kan tabarmar shayi yakan bi tururin buta ya ɓace. Ka karɓi dokar kana dariya. Shekara talatin da ɗaya kana ajiye mini 'yan takardu da ajami a ƙarƙashin kwalbar tawadata kafin ka fita tashar jiragen ruwa, ni kuwa in ba ka amsa a ƙasan rubutunka kafin in tafi makaranta. Da haka muka sayi gidan nan, da haka muka yanke shawarar riƙon 'yar ƙanwarka har ta yi aure, da haka muka yi faɗa muka shirya ba tare da maƙwabta sun ji ɗuriyarmu ba. A watan Jimada Sani sai na tarar da layi ɗaya. Ka rubuta cewa an gayyace mu hutun wata guda, ni da kai, a tsibirin, sai ka jera harafi uku, gain da lam da fa, tsirara, babu fataha babu rufu'a. A ƙarshe ka tambaya ko zan zo.

Na karanta Galf. Me kuma zan karanta? Sunan da Nasara suke kiran Khalij, tekun nan na gabas da mu, ke nan, na sha ganinsa a saman takardun kamfaninku. Tsibirin Galf kuwa ai Bahrain ne, inda kuke da reshe. Sai na ɗauki jan alƙalamin da nake gyara wa 'yan mata imla da shi, na rubuta maka cewa gishiri da gumi da ƙuda ina da su a gida, ba sai na ƙetare hamada na je baƙunta wajen 'yan'uwansu ba. Na ce ka tafi lafiya. Na rufe da halas, na ja layi biyu a ƙarƙashinta.

Kai kuwa golf kake nufi. Wasan nan na Kyaftin Dolan, tsohon shugabanka da ya yi ritaya ya koma ƙasarsu, tsibirin Ailan. Wasan da kuke zuwa yi bayan gari ranar Juma'a da yamma, kuna dukan farin ƙwallo a kan yashin da aka jiƙa da baƙin mai, kowa da guntun shimfiɗar roba kore a hammata a madadin ciyawa. Ni wasan rami nake ce masa. Na hana a ambaci sunansa na gaskiya a gidana, na kore sandunan zuwa ɗakin gawayi, na ce ba ya dace da mai furfura ya bi ƙwallo kamar kaza tana bin tsaba. Saboda haka ban taɓa ganin sunan a rubuce ba. Rufu'a ɗaya, Sidi! Ɗigon tawada mai wutsiya wanda bai kai ƙwayar riɗi ba! Da ka ɗora shi a kan gain ɗin nan, da na tsaya na tambaya, da yanzu ƙafata tana cikin raɓa.

Na karanta ba daidai ba. Ga shi na rubuta da hannuna, ni Zakiya da na shekara arba'in ina koya wa 'ya'yan mutane cewa wasali ɗaya yana raba mai kisa da wanda aka kashe. Ka adana wannan layin, domin ba za ka sake ganin irinsa daga gare ni ba.

To amma kai fa? Kai da ka yi rayuwarka kana tafinta tsakanin matuƙan jirgi da ma'aikatan kwastan, kai da abincinka yake fitowa daga bambancin kalma da kalma? Ina tsaye a bakin matakala ranar da ka dawo ka ɗaga kwalbar. Na ga ka karanta jan rubutun sau biyu. Ka gane a take cewa Bahrain nake nufi, domin wane mai hankali ne zai kira ƙasar Kyaftin ƙasar gumi? Kalma ɗaya ta ishe ka. Amma ka ninke takardar, ka sa a aljihu, ka ce mini yadda Ustaza ta ga dama. Ustaza! Sunan da ba ka kirana da shi sai ranar da na ɓata maka. Kwana ashirin da biyu muka ci ful da tamis, wakenmu da burodinmu na safe, a faranti ɗaya kana riƙe da gaskiyar a ƙarƙashin harshenka kamar ƙwallon dabino.

Kuma ka zauna kana kallona ina haɗa maka kaya. Wannan ne ba zan yafe da wuri ba. Jallabiya shida farare, marasa nauyi, waɗanda iska take ratsawa. Takalmin fata mai buɗaɗɗen baki. Hodar ƙurajen zafi. Maficin kaba da na sa aka yi wa sabon baki da jan zare, don kada ka wahala idan wuta ta ɗauke a masauki. Ina ninkewa ina yi maka huɗuba a kan zafin Bahrain da yadda za ka riƙa shan ruwa, kai kuwa kana gyaɗa kai kamar ɗalibi nagari. Ko mayafi ɗaya ban sa maka ba. Yanzu ga hotonka da ka liƙo a katin farko, cikin kwat ɗin aro wanda hannayensa suka haɗiye yatsunka, hancinka ya yi ja, kana murmushi. Wa kake yi wa murmushin? Ni kake yi wa, na sani. Ka tafi da maficina ƙasar da ake hura wuta a tsakiyar bazara, don kawai ka samu abin da za ka riƙe a kaina.

Kwana goma sha tara ina gaya wa duk matar da ta tambaye ni a Mahjar cewa maigida yana Bahrain. Da cikakken baki nake faɗa, irin na malamar da ba a yi mata gyara. Sai katin farko ya zo da kan sarki mai hoton garaya, Yahya ya nuna wa ɗan'uwansa mai aiki a filin jirgi, kafin magariba unguwa duka ta san inda mijina yake, ban da ni. Bashira matar liman, wadda ni na koya mata rubuta sunanta tana da jikoki, ita ce ta zo ta yi mini jaje da murya mai laushi. Na ba ta gahawa. Na raka ta har ƙofa. Ban sake fita ba sai bayan mako guda.

Ya hasken da nake karatu da shi, ka manta Khumra ne, filin nan na bayan gari? A shekara ta bakwai da aurenmu aka yi ruwan da ya rushe katangu a Jidda, bayan kwana goma ka aro motar kamfani ka ce in sa mayafi in zo in ga wani abu. A lokacin babu sito ko ɗaya a can, fili ne kawai har iyakar gani. Muka tarar ƙasa ta yi gashi. Ciyawa siririya, mai rauni, kamar gashin jariri, idan ka tsaya a kanta ba ka ganinta sai ka hangi nesa. Na cire takalmina. Ni, 'yar Malam Usuman, wadda ko a cikin gida ba a taɓa ganin tafin ƙafarta a ƙasa ba, na cire takalmi na yi ta tafiya har ka zama ɗan ɗigo a bayana. Da na dawo na gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ce an haife ni tsakanin gishiri da dutse, kakata ta mutu tana ba ni labarin damina a ƙasar da ta baro da ƙafa, ni kuwa iyakar koren da na mallaka shi ne raihanin da nake shukawa a gwangwanin man shanu ina shayar da shi da ragowar ruwan alwala. Na ce ina roƙon Allah kada ya ɗauki raina sai na ga ƙasar da kore ba shi da shinge. Ka riƙe gefen mayafina, ka ce ka ɗauka a wuyanka. Washegari ka rubuta shi, bisa doka, ka sa a ƙarƙashin kwalba. Yana nan. Ciyawar Khumra kwana tara ta yi rana ta cinye ta, takardarka kuwa ta shekara ashirin da huɗu a cikin akwatina.

Sai ga ranar cika alkawari ta zo, ka kawo mini shi a rufe cikin harafi uku, na ture shi da ƙafa ban san abin da na ture ba, kai kuwa ka sunkuya ka ɗauke abinka ka tafi. Wannan cika alkawari ne, ko tarko?

Na karanta katunanka duka, kada ka zaci na jefar. Na ga birnin Dabilin da kake yabo, da kogin da ya raba ta biyu, da ƙofofin gidaje ja da rawaya da shuɗi. Na ga birnin Kok da tasharsa da ka ce ta tuna maka da aiki. Na ji labarin ƙauyen Kyaftin, inda ake yanko ƙasa baƙa a busar a hura wuta da ita, inda saniya take leƙo kai ta kan katanga tana kallonka kana alwala. Na ji cewa filin wasanku ramuka goma sha takwas ne, shimfiɗe a kan tuddai a gefen teku, ciyawarsa an aske ta ta fi darduma laushi, kuma a karon farko ka buga ƙwallo ba tare da shimfiɗar roba ba har idonka ya kawo ruwa. Madalla. Mutanen da Allah ya ba koren da zai ciyar da dukan raƙuman Hijaz, suka rasa abin yi da shi sai su aske shi su haƙa masa ramuka! Kai kuma kana taka shi da takalmi mai ƙusoshi. Ko sau ɗaya ka cire takalmin? Ko sau ɗaya ka tsaya ka ce wannan rabon ƙafar Zakiya ne nake takawa? Ba ka faɗa ba. Ka ba ni labarin tumaki.

Abin da yake sanyaya mini rai ɗaya ne. Na duba taswirar makaranta, na ga alƙiblarku kudu maso gabas take. Sau biyar a rana, ko kana so ko ba ka so, sai ka juya wa tuddan nan baya ka fuskanto inda nake.

Yanzu ga katin Talata. Ka ce matar Kyaftin ta rasu bara, gidan ya yi masa girma, ya roƙe ka ka zauna har sanyi ya wuce, kuma kana tunani. Sannan ka ƙara layin da ka daɗe kana wasa shi kamar wuƙa. Ka ce can akwai mai buƙatarka, ni kuwa ban taɓa buƙatar kowa ba.

Sidi, ka buɗe fasfonka ka duba hatimin. Iznin fita da dawowarka yana ƙarewa ranar ashirin da bakwai ga watan nan. Ni haifaffiyar Jidda ce, takarduna na ƙasa ne, babu mai tambayata. Kai kuwa a Sudan aka yanke maka cibi, kuma shekara arba'in da shida da ka yi a nan ba su mayar da iƙamarka, iznin zamanka, komai ba face takarda mai kwanan wata. Ka ajiye aiki, shekarunka sittin da takwas. Idan ranar nan ta wuce kana bayan teku, wane kafili ne zai tsaya maka ya sake shigo da tsoho? Ina za ka koma? Garin da ka baro kana saurayi, inda duk wanda ya san sunan mahaifinka yana kabari? Ko ka zauna a can har ajali ya same ka, a rasa mutum huɗu da za su yi maka sahu? Ka fi ni sanin wannan duka, kai da ka cika wa ɗaruruwan mutane irin waɗannan takardu. Kana sane kake wasa da ƙofar, don ka ga ko zan miƙo hannu in tare ta.

Ban taɓa buƙatar kowa ba! Haka ne, ban taɓa tambayarka kuɗin cefane ba, ban taɓa jiran ka raka ni asibiti ba, ban yi aure ba sai da na kai talatin da huɗu domin na ƙi duk wanda ya zo da niyyar ya rufe mini littafi. Amma wa ya gaya maka wanda ba ya roƙo ba ya jin ƙishi? Ya kurciyar da ta saba sauka a kan rufina, ya ruwan tulu mai ƙamshin turaren mastika, ka san yadda gidan nan ya koma? Kullum da safe ina ɗaga kwalbar tawada. Na san babu komai, hannuna ne bai sani ba. Ina dafa shayi a ƙaramar buta ya yi saura. Na gyara wa mai rediyo nahawunsa da ƙarfi, na waiwaya in ga ko ka yi dariya, sai bango. Ran nan na shiga ɗakin gawayi neman wani abu, na tarar da gurbin sandunanka a jikin ƙura, na tsaya a wurin har ƙafata ta yi sanyi. Wannan duka ba buƙata ba ce? To me ake kiranta a cikin harsunan nan huɗu da kake taƙama da su?

Saurara ka ji abin da ka jawo. Jiya da hantsi na sa baƙin mayafina na tafi gidan Shaikh Othman, kafilinka. Ka san tsakanina da gidan nan. 'Ya'yansa mata uku a hannuna suka yi karatu, kuma shekarar da ya aiko mini da kyautar awarwaro don in ɗaga wa ta tsakiyar maki, na mayar masa da ita a cikin takardar jarrabawar yarinyar. Tun ranar ba mu sake haɗa hanya ba. Jiya na zauna a falon matarsa Sharifa, aka bar ni ina kallon labule har aka kira azahar. Da ya zo ya tsaya a bayan ƙofa, ya tambaya cikin ladabi mai yawa, irin wanda ya fi zagi ciwo, ko me Ustaza take umarta. Na ce ba umarni na zo da shi ba. Na ce roƙo na zo yi. Ya yi kamar bai ji ba, sai da na maimaita. Sau biyu, Sidi, a gaban Sharifa da surukarta da mai zuba gahawa. Kalmar da ban faɗa wa mahaifina ba, ban faɗa wa hukumar makaranta ba, ban faɗa maka ba ko a ranar da likita ya ce ba zan haihu ba, ita na shimfiɗa a kan dardumar mutumin nan kamar mai tallan tsumma.

Ya rubuta. Takardarsa ce ka gani a ninke cikin wannan ambulan, da sa hannunsa da hatimin kamfani. Ka kai ta ofishin jakadancinmu a Landan a kan hanyarka, za su ƙara maka kwana ashirin. Ya ce daga wannan babu wani ƙari, ni ma na ce masa ba za a sake ganina a falonsa ba.

Saboda haka ka gama ramukanka. Ka yi wa Kyaftin ta'aziyya da bakina, ka gaya masa mutumin da ya ara yana da mai shi. Kada ka sayo mini turare, kada ka sayo mini mayafin ulu, kada kuma ka cusa ciyawa a ambulan ka ce ka kawo mini rabona. Busasshiyar ciyawa akwai ta a kasuwar dabbobi. Kore ya wuce ni, na sani, ba za a sake gayyatar tsohuwa irina ba, kuma zan ɗauki wannan a kanka da kaina har ranar da za a yi mana hisabi. Ba na yi maka alkawarin fara'a. Za ka tarar da ni yadda ka bar ni, da ɗan ƙari. Wataƙila in yi wata guda ban yi maka magana da baki ba.

Amma ka dawo. Ka dawo ka yi azumi a gidanka, ka zauna a inda idona zai riƙa ganinka yana jin haushi. Gara mini fushin da nake yi da kai kana gefena da salamar da zan samu kana bayan teku.

Idan kuwa ka zaɓi ka bar kwanakin nan su ƙare, to ka sani ba zan je gaban alƙali neman rabuwa ba, ba zan karɓi takardar saki ko ka aiko ta ba, ba zan bar wani ya zauna a kan kujerarka ba ko da baƙo ne. Zan zauna matarka a wannan gida, da igiyarka a wuyana, har a fitar da ni a kan makara, kuma duk wanda ya tambaye ni ina maigida zan ce ya tafi hutu.

Ba zan je filin jirgi ba. Jirgin Landan yana sauka ranar Alhamis, ka san hanyar gida.

Taka jiya, taka yau, taka a ranar da za a tashe mu, ko kana so ko ba ka so,

Zakiya bint Usuman